Tanki Ɗaya, Gobara Biyu

Dogo na tsugune a saman motar kashe gobara, riƙe da tiyo a bakin tanki, famfon rijiyar burtsatse yana ta tari kamar tsoho mai asma. Tun safe yake fama, sai da rana ta take sannan ruwan ya kawo wuya. Bana ruwan sama ya ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba. Ga kaka ta shigo babu abin girba, sai ciyawa da ta bushe a tsaye, ta yi fari fat tun daga bayan gari har inda ido ya ƙare. Rediyo kullum cikin gargaɗi yake, kada a ƙona shara, kada a yar da guntun taba.

Wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Auta, wuta ta tashi a filin bayanmu, iska kuma nan take koro ta. Maza sun fita da ganye, amma ta fi ƙarfinsu."

"Ki fitar da maigidan waje tukuna, Yaya. Ga ni nan, tankina cike yake."

Mijinta ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke riƙe da gidan awakinta ne, da harawar da ta tara a kan rumfa don ta kai su rani.

Dogo ya diro, ya tayar da mota, abokan aikinsa suka ɗare baya suna ɗaura huluna. Sai ga Oga ya fito daga ofis da waya a kunne, yana rusunawa kamar mai maganar na gabansa. "Yanzu, ranka ya daɗe. Mun ma taso, ranka ya daɗe." Ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da Dogo.

"Sababbin gidaje za mu. Can ma ta kama."

"Oga, unguwar bakin fili fa? Yanzu aka kira ni. Akwai mutane, akwai marasa lafiya. Sababbin gidajen nan ko labule ba a rataya ba."

"Ɗaya motar za ta je."

Su biyun suka dubi ɗaya motar. Tana nan kan duwatsu ba tayoyi, kaza ta yi kwanci a ƙarƙashinta.

Oga ya gyara zama. "Na kira na garin gaba, suna hanya. Kai Dogo, kada ka kawo mini gardama yau. In ba za ka tuƙa ba ajiye mabuɗi da hula, masu neman aikin nan sun fi ciyawar yawa."

Suka fita da jiniya. A shataletale hanya ta rabu. Ta hagu hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin a kan rufin kwanon unguwar Yaya, har Dogo yana iya gane bishiyar ƙofar gidanta. Ya sassauta ƙafa. Oga bai ma dube shi ba, yana ta latsa waya. Ba wanda ya riƙe masa sitiyari. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna 'yan shekarun da suka rage masa ya ajiye aiki da fansho. Ya karya kan motar dama.

A sababbin gidaje wutar na can nesa, tsakaninta da katanga akwai titi mai faɗi da aka share. Duk da haka Oga ya ce a jiƙa. Suka jiƙa katanga, suka jiƙa ciyawar gindinta, suka jiƙa furannin bakin get har ruwa ya kwanta. Maigadi ya washe baki ya ce, "Allah ya saka, yau kun hutar da ni ban ruwa." Wayar Dogo na ta rawa a aljihu, ya bar ta, can ta yi shiru. Da mai gidajen ya iso ya kama hannun Oga ya girgiza, ya sa aka jera su aka ɗauki hoto. Aka ce Dogo ya tsaya a tsakiya tunda ya fi kowa tsawo.

Sai bayan la'asar ya mayar da motar, tanki wayam, ya hau acaɓa ya nufi unguwar. Motar garin gaba ba ta zo ba. Layin Yaya duk ya koma toka, ƙasa na ɗumi ta cikin takalmi. Ɗakunan bulo sun tsira, amma rumfa ta tafi da harawarta, garken awaki kuma ƙaurin da ke tashi daga can ya isa bayani. Maza na tsaye can ƙarshen layi, fuskokinsu baƙi, ganyen da suka yi dukan wuta da shi yashe a ƙasa.

Ya same ta a bayan gida, a inuwar katanga. Mijinta na kwance cikin baro, da shi ta turo shi waje. Hannuwanta duka biyu naɗe da tsumma. Ta ƙone ne lokacin da ta koma kwance awaki, igiyar tana ci da wuta.

"Yaya."

Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ƙafar wandonsa har yanzu a jiƙe take.

"Mun ji jiniya," ta ce. "Na ce musu ga ƙanena nan, ku ƙara haƙuri kaɗan. Wasu har sun bar kwashe kaya sun fita tarar ku. Sai muka ji tana nisa."

"Oga ne ya ce..."

"Ban tambaye ka ba, Auta."

Mijin ya motsa baki yana son magana, yawu ya zubo. Ta sunkuya ta goge masa da gwiwar hannu, don tafin ba ya taɓuwa.

"Mu je asibiti a duba hannun nan," in ji Dogo.

"Za mu je." Ta leƙa ta gefen katanga wajen mazan, ta rage murya. "Amma cire rigar nan tukuna. Maƙwabcinmu ya rasa shanunsa duka, ɗazu yana tambayar wa ke tuƙi yau. Na ce masa ashe ba kai ba ne, kana kwance da zazzaɓi tun jiya."

Dogo ya tsaya kamar bai ji ba.

"Cire, na ce. Da su zan ci gaba da zama."

Ya cire hular, ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna masa da haɓa wani bokiti da zafi ya lanƙwasa, ya cusa kayan ciki ya kife. Sannan ya kama hannuwan baron, daga shi sai singileti, ya turo surukinsa zuwa titi, Yaya na biye. Da suka zo daidai mazan, maƙwabcin ya ɗago jajayen idanunsa ya dube shi.

"Sannu Dogo. Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Dogo.