Kiyashi a Banɗakin Haya

"Sai ka zuba ruwa a banɗakin nan," Mai Kitso ta ce, tana tsaye da bokiti a ƙofar ɗakin Direba. "Ni ba baiwar gidanku ba ce."

Direba na kwance a ƙasa, ƙafar hagu bisa matashi. Shekara talatin yana jan babbar mota, abin da ya tsira da shi ciwon jijiyar baya ne, mai harba masa wuta daga ƙugu har diddige. Bakinsa kuwa lafiya lau.

"In kin gaji da haya, ki gina naki."

Shekara takwas suna haɗa banɗaki, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ita ta fara lura da kiyashi na jerin gwano duk inda fitsarinsa ya ɗiga. Ta san wannan, haka marigayi mijinta ya fara. Ta kuma ji 'yarsa na cewa Laraba za a yi masa allurar baya, irin wadda likita ya hana mijin nata saboda tana tayar da suga.

Da ta so, da ta ja yarinyar gefe. Amma ranar ya ture mata kwalbar man kitso da sandarsa, sai ta ajiye maganar har tsakar gida ta cika da masu jiran kitso.

"Mutumin da kiyashi ke bin fitsarinsa! Suga ta cinye ka, kana ta cika baki."

Matan suka kwashe da dariya. Ta ji daɗi har ranta.

Ta bango ta jiyo 'yar tana lallashinsa. "Baba, mu gaya wa likita a gwada."

"Zagin wannan matar zan kai asibiti? In ya tambaya, ba ni da komai. Kika buɗe baki, ban yafe ba."

Allurar ta yi aiki. Alhamis ya wuce ƙofarta sau biyu ba sanda, yana gyaran murya. Asabar ya kwankwaɗe jarkar ruwa guda, ƙishi bai tafi ba. Litinin aka fitar da shi ranga-ranga, bai dawo ba.

Bayan kwana uku 'yar ta tsaya a ƙofarta, ba sallama.

"Inna, kin sani tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Ɗakina taku huɗu ne daga naki."

Da safe Mai Kitso ta ɗauki bokiti ta shiga banɗakin. Simintin a bushe yake tas. Kiyashi ɗaya na ta kewaya bakin rariya. Ta daɗe tsaye, ba ta zuba ruwan ba.