Farin Hayaƙi a Salansar Labaran

Labaran ya daɗe yana ɗaukar ɗanyun fatu daga kasuwannin ƙauye zuwa majemun Challawa, har hancinsa ya mutu murus. Matarsa Safiyatu takan ce ko tuwo ya ƙone a gabansa, sai dai ya ga ana guje-guje ya tambayi ko lafiya. Ba ya musu. Shi dai a bar shi da akori-kurarsa, wata tsohuwar fara da ya saya hannun wani, wadda yake wankewa fiye da yadda yake wanke jikinsa.

Babbar Sallar shekarar a cikin damina ta faɗo, kuma Labaran ya riga ya buɗe baki ya yi alkawari. Ranar jajibere zai kwashi Safiyatu da yara zuwa Riruwai, tsohuwarsa ta ga autan da ba ta taɓa gani ba. 'Yan garinsu da ke aiki a masaƙun Sharada da Bompai suka ji labari, kowa ya kawo ƙunshin saƙonsa na gida ya jibge a zaurensa na Zawaciki. Ana gobe tafiya motar ta tona masa asiri. Da ma kwanakin nan takan ɗan yi farin hayaƙi, yana ɗora wa sanyin safiya laifi. Ran nan kuwa da rana tsaka, yana tsayawa a ƙofar majema, sai ta turnuƙe wurin kamar an hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Maigadi, mutumin da ke wuni cikin warin jima bai taɓa yamutsa fuska ba, ya toshe hanci.

Labaran ya lallaɓa da ita garejin Ado a Sharada, bayan katangar wani kamfani, ƙarƙashin darbejiya. Ado bakanike ne na gaske, ba ya son dogon zance. Ya sa Labaran ya taka totur, ya dubi salansa, ya goge hannu da tsumma.

“Farin hayaƙi ai ruwa ne, Labaran. Gasket ya ƙone. Sai an sauke kan injin an kai gogewa, masu gogewar kuma sun tafi Sallah.”

“Ba yadda za a yi ta kai ni ta dawo?”

“Sai bayan Sallah.”

Labaran ya zauna a kan wata taya. Ya hango ƙunshe-ƙunshen nan na zaure, da kitson da Safiyatu ta yi tun jiya, da tsohuwa a ƙofar gida tana kallon hanya. Kunya ta fi komai ci masa rai.

A gindin bishiyar akwai wata tsohuwar kujerar mota, a kanta mahaifin Ado yake wuni da carbinsa. Baba Muntari ke nan, wanda ya fara kafa garejin tun Sharada tana gonaki. Yanar ido ta rufe masa gani, in ka tsaya gabansa inuwa kawai yake gani. Ya ɗaga kai, hancinsa yana motsi.

“Ado, motar wa ce ke cin abin da ba nata ba?”

“Ta Labaran ce, Baba. Gasket ne.”

“Kamo hannuna.”

Ado ya kai shi bayan motar ba gardama. Tsohon ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce a miƙo masa murfin langar da ya ci abinci. Ya kara murfin a bakin salansa.

“Labaran, lagireto na shan ruwa?”

“A'a, Baba. Kullum ina dubawa, a cike yake.”

“To shiga ka taka birki.”

Labaran ya ɗauka tsufa ne. Ya ce cikin ladabi, “Totur kuke nufi, Baba?”

“Idona ne ya mutu, bakina na nan. Birki na ce.”

Ya shiga yana mamaki, don shi a saninsa tsakanin birki da salansa ba dangi ba maƙwabtaka. Ya taka, ya saki, ya sake takawa, kamar yadda ya saba yi a hanya kwanan nan, don sai ya taka sau biyu take kamawa, kuma kowane direba da ya sani haka yake fama. Injin ya yi tari. Ta madubi Labaran ya ga farin hayaƙi ya bulbulo ya lulluɓe tsohon gaba ɗaya, har hular kansa ta ɓace.

Da ya fito, ya tarar Baba Muntari ya shafi cikin murfin da yatsa, ya ɗora a harshe, ya tofar.

“Ruwa in ya sauka a murfi bushewa yake, kuma ba ya da ɗaci. Wannan santsi gare shi, yana cizon harshe.” Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashin Labaran. “Ba ruwan gasket. Sabo ne ya cuce ka.”

Labaran ya zabura. Yana da maƙwabci Sabo a Zawaciki, sun daɗe ba sa ga maciji a kan kwatar da ke bi ta ƙofar gidansu.

“Wallahi na zarge shi, Baba. Tun ranar da na ce ya gyara kwatar nan yake kallon motata.”

Ado ya juya baya yana dariya har da riƙe ciki. Tsohon ma ya dara, sannan ya ce a buɗe bonet. Ya laluba da hannu, bai ko yi kuskure ba, ya dafa wata baƙar tukunyar ƙarfe da ke maƙale daidai gaban mazaunin direba.

“Ga Sabon naka, ka bar bawan Allah ya yi Sallarsa. Wannan shi ke taya ƙafarka taka birki, da iskar da inji ke zuƙa ta wannan tiyo. Robar da ke tare man birki ta mutu, man yana tsiyaya cikin tukunya, inji na zuƙe shi yana ƙonawa. Birkinka ne kake gani yana fita ta salansa.”

Ado ya buɗe ɗan kwanon man birki, ya leƙa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Saura ɗan laima a ƙasa.

“Koma ka taka,” in ji tsohon. “Wannan karon kada ka saki.”

Labaran ya taka ya riƙe. Da farko birkin ya tsaya masa. Sai ya ji ƙafarsa tana nutsewa sannu a hankali kamar ya taka taɓo, tana tafiya, tana tafiya, har ta dire a ƙasan mota. Babu komai a ƙarƙashinta.

“Ina ka ce za ka?” in ji tsohon.

“Riruwai, Baba.”

Tsohon ya ja carbi. “Na san gangaren nan bayan an fita daji. Da mutum nawa?”

Labaran ya shiga ƙirga su a ransa. Yana zaune riƙe da sitiyari, yana kallon dattijon da ba ya ganin tafin hannunsa amma ya hango gobe a murfin langa. Da an tsaya a kan maganar gasket ɗin, da ya yi ta roƙon Ado har ya bar shi ya tafi yana ƙara ruwa a hanya, ya san halinsa.

Kafin la'asar Ado ya sauke tukunyar ya zubar da man da ya taru, ya sa sabuwar roba, ya zuba sabon man birki, ya cire iska. Labaran ya durƙusa gaban Baba Muntari yana godiya, tsohon ya ce ya tashi, warin fatun da ke jikin rigarsa ya isa gaisuwa.

Washegari da hantsi suka fita daga dajin Falgore, bayan motar cike da mutane da kaya da rago guda a ɗaure. Safiyatu na gaba, autan na barci a cinyarta. Hanya ta karya ta yi ƙasa, da kwana a gindin gangaren, da rami a gefen hagu. Labaran ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa. Birkin ya kama a taku ɗaya. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ba hayaƙi ko kaɗan, sai fuskokin 'ya'yansa a jikin gilashi suna yi masa gwalo.

“Malam, lafiya kake hawaye?” in ji Safiyatu.

“Hayaƙi ne ya shiga mini ido.”

Ta waiga baya, ta dubi sararin da ke wasai, ta dube shi. Sai ta gyara wa yaron kwanciya.