Allon da Ba Ya Yaga Gola

Ranar wata Asabar aka fara abin, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta bayan dutsen Dala amma ya ƙi zubar da ko ɗigo. A ranar ce Bahijja ta zura wa yayanta Nazeer biyar da nema a wasan ƙwallo na kwamfuta, a zauren gidansu, a gaban abokansa.

"Ba ke kika ci ni ba, allon nan ne," in ji Nazeer. "Dubi yadda hoton ke yagewa! Kan golana yana Gwale, ƙafafunsa suna Gwammaja. Da me zai kama?"

Allon kam yana yagewa. Da wannan hujja Nazeer ya daɗe yana riƙe da sunansa na Kyaftin a majalisa.

"To Yaya, ni ma ai shi nake kallo."

"Ke idonki ya saba da karkatacce."

Washegari ya hau adaidaita sahu sai shagon Malam Ashafa mai kayan kwamfuta. Aka ajiye masa alluna biyu, ɗaya mai araha, ɗaya mai abin da ake kira adaftif sink.

"Malam, mene ne bambancinsu?"

"Ka taɓa ganin mata biyu suna daka a turmi ɗaya? In kowacce ta jira 'yar'uwarta, daka ya tafi sumul. In ba haka ba, taɓare su gwaru. To wannan yana jiran kwamfuta. Wancan kuwa gabansa kawai yake yi."

"Zai sa in ci wasa?"

"Zai sa ka ga wasa dai."

Abin da ke aljihun Nazeer bai kai kuɗin mai adaftif sink ɗin ba, sai ya cika da tantabarun da yake kiwo. Yana miƙa kejin yana dariya a ciki, don ya san tantabara ba ta mance gida.

Ya gayyato majalisa kaf. Aka kunna sabon allon, ya sake karawa da Bahijja. Hoto ya tafi kamar an shafa man shanu, gola cikakke, kansa a wuyansa. Shi ya sa kowa ya ga yadda yake tsalle hagu ƙwallo tana shiga dama, har sau bakwai.

"Yaya, yau kan golan yana wace unguwa?" in ji Bahijja.

Abokinsa Mubarak ya dafa shi. "Wallahi allon ya yi. Ban taɓa ganin an lallasa mutum tar-tar haka ba."

Nazeer ya haye soro ya zuba wa sama ido, ko tantabarunsa za su ɓullo. Sai ga kiran Malam Ashafa, yana godiya, wai farfesun ya yi daɗi.

Abin da ya salwanta: tantabaru takwas, keji ɗaya, sunan Kyaftin, da hujjar nan tilo da yake da ita.