Saje Mai Saiti

A rundunarsu ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Mai Saiti suke ce masa, don tun yana kurtu ba ya ɓarnar harsashi. Wata goma sha tara ya yi a bakin daga kafin a dawo da su bariki, ya dawo da igiya uku a hannun riga da lambar yabo a ɗan akwati.

Gidansa ɗaki biyu ne a saman bene, tagar falo tana kallon filin da matan bariki suke shanya. Matarsa malamar firamare ce, 'ya'yansu biyu, duk mata. Satin farko gidan bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba. Yayan matar, direban tanka mai bakin tsiya, ya matso kusa da shi yana dariya.

"Saje, tsakanina da kai, guda nawa ka aika lahira?"

"Ban ƙirga ba, Yaya."

Ƙarya ya yi. Goma sha ɗaya ne.

Yana cin abinci, yana barci. Ba ya firgita kamar maƙwabcinsu kofur, wanda ko taya ta fashe a titi sai a tsince shi a ƙarƙashin tebur. Nasa ciwon daban ne. Duk wanda ya hango daga nesa, sai kansa ya auna shi: mita nawa ne, daga ina iska take, a ina zai ɗora. Ba da son ransa ba. Lissafin yana zuwa ne kamar yadda mai karatu ba ya iya kallon allon talla bai karanta ba.

Wata Asabar da hantsi yana tsaye a taga da kofin shayi, matarsa tana ƙasa tana shanya kakinsa. Mita tamanin, babu iska, ƙasan kunnen hagu. Ya duba hannunsa, ya ga manuniyarsa ta lanƙwashe a jikin kofin, numfashinsa ya tsaya a daidai inda aka koya masa tsayar da shi. Ta ɗago kai ta gan shi, ta ɗaga masa hannu.

Ranar Litinin ya bi layi a asibitin bariki. Likitan kyaftin ne, idonsa jajur don gajiya, gabansa tulin takardu iri ɗaya. Ya fara karanto tambayoyi bai ɗago ba. Mugun mafarki? Babu. Firgita? Babu. Giya ko ƙwaya? Babu. Tunanin kashe kai? Babu.

"To me ya kawo ka, Saje?"

Sai Saje ya ba shi labarin na ƙarshe cikin goma sha ɗayan nan. Yana kwance a kan tudu, mutumin yana hayin rafi, ya jingine bindigarsa da dutse. Minti arba'in yana kallonsa ta madubin bindiga yana jiran umarni. Mutumin ya wanke rigarsa, ya matse, ya baza a kan dutse, ya zauna yana ɗaure takalminsa da waya, yana sosa gadon baya.

"Umarni ya zo, na harba. Ɗaya tak, yallaɓai."

"Farar hula ne?"

"A'a. Su ne suka kashe mana mutum shida a satin."

"To ai aikinka ka yi."

"Na sani, yallaɓai. Daɗi na ji. Irin wanda ko ranar da aka haifa mini 'yata ta fari ban ji ba. Har yau jikina yana nemansa."

Ya faɗa masa abin da ya faru a taga. Likitan ya juya takardar, ya duba bayanta, ya sake juyowa. Babu gurbin da zai sa wannan.

"Akwai bindiga a gidan?"

"Babu."

"Ka taɓa dukanta?"

"Ban taɓa ba."

Likitan ya ajiye biro. "Bari in gaya maka gaskiya. In na rubuta abin da ka faɗa, sai kwamiti. Su sa wa fayil ɗinka jan layi, ƙarin girma ya tsaya, ƙila su sallame ka, gidan ma su karɓe. Kuma ba wanda zai zauna ya saurare ka, don ba mu da mai wannan aikin. Ga maganin barci."

"Ina barci, yallaɓai."

"Ka dai sha."

Ya buga hatimi a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, ya ce na gaba ya shigo.

Da la'asar ya tarar da matarsa tana duba littattafan 'yan ajinta. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya gaya mata komai, don ya gaji da riƙe shi shi kaɗai. Ta rufe littafin da ke gabanta, jan biron yana hannunta.

"Abbansu, kada ka ƙara gaya wa kowa wannan maganar. Ko Yaya."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai dai daga ranar ta daina juya masa baya. Da gefe take fita daga ɗaki. Yaran kuma aka hana su wasa a filin nan in yana gida.

Bayan sati biyu kwamanda ya kira shi ofis, ya ce an mai da shi malamin harbi na sababbin kurata. Saje ya ƙame ya roƙi a kai shi sito, ko kicin, ko gadin ƙofa.

Kwamanda ya yi dariya. "In sa likitan tiyata yankan farce? Rabin yaran nan rufe ido suke yi in za su ja kunamar bindiga. Wannan jinkirin nake so ka cire musu."

Ya kuwa cire. Ya fi kowa sanin inda jinkirin yake maƙale a jikin mutum. Ya sa aka kwashe allunan saiti masu da'ira, aka kawo masu siffar mutum da ke tasowa farat ɗaya. Ya ce kada su kalli fuska, su kalli maɓalli na biyu na riga. Ya maimaita musu har hannunsu ya riga tunaninsu. Cikin arba'in, talatin da shida suka ci jarrabawa, abin da ba a taɓa yi ba a barikin. Kwamanda ya ba shi hannu a gaban fareti.

A lokacin matarsa ta kai yaran hutu gidan mahaifiyarta. An koma makaranta da sati uku ba su dawo ba. A bakin shugabar makarantar ya ji cewa ta nemi canjin wurin aiki. Ya kira ta a waya, ƙaramar 'yar ta ɗauka tana tambaya yaushe zai zo, sai uwar ta karɓe.

"Abbansu, ka ci abinci?"

"Na ci. Yaushe za ku dawo?"

"Umma ba ta jin daɗi. Sai ta ɗan warware."

A bayanta yana jin muryar Umman garau tana yi wa wani faɗa a kan tsintsiya. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Washegari aka kawo masa sababbin kurata sittin.