Garin da Ba Shi da Mai Gari

Tun da jirgin ƙasa ya bar Christchurch da safe, Kawu Sekove bai sauke ƙunshin daga cinyarsa ba. Busasshiyar saiwar kava ce, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taro, an naɗe ta da jarida an ɗaure da zare, yadda ake yi a gida. Ilaitia ya ɗauka ragowar bikin kammala digirinsa ce, bikin da ya fito da kawun nasa daga Fiji a karon farko a rayuwarsa, don haka bai tambaya ba. Hankalinsa yana kan taga. Gonaki suka ƙare, jirgin ya soma hawa, yana kutsawa cikin dutse yana fitowa, kogi yana can ƙasa shuɗi tsakanin tsakuwa. Duk shekarun da ya yi yana karatu a New Zealand bai taɓa hawowa nan ba. Sai da tsohon ya zo ya kafe cewa ba zai koma ba sai ya taka dusar ƙanƙara da ƙafarsa.

Suka sauka a wata ƙaramar tasha. Jirgin ya wuce gaɓar teku ta yamma, sai la'asar zai dawo ya kwashe su. Garin titi ɗaya ne da 'yan gidajen katako, duwatsu farare fat sun sa shi a tsakiya.

Kawu Sekove ya nemi benci a rumfar tasha ya zauna.

"To, ɗana, je ka tambayo mana gidan mai gari."

Sai a lokacin Ilaitia ya gane ƙunshin.

"Kawu, nan fa ba tsibirinmu Kadavu ba ne. 'Yan yawon buɗe ido ne ke zuwa, kowa sauka yake ya kama gabansa."

"Su ta shafa. Ni ba bunsuru ba ne da zan faɗa gonar mutane ba sallama. Ka ga hayaƙin can? Inda hayaƙi ke tashi akwai mai shi. In ba a karɓi sevusevu, gaisuwar baƙo da ke ƙunshin nan ba, ba ni ba yawo a garin nan. Tashi, malam mai digiri."

Ilaitia ya san halinsa. Zai iya zama kan bencin nan har jirgi ya dawo, ya koma gida ya ce gari ya yi kyau, kuma ba zai taɓa yin ƙorafi ba. Rashin ƙorafin ne Ilaitia ya ji ba zai iya ɗauka ba. Ya tura hannu a aljihu ya gangara titi.

Ya tarar da wani dattijo yana kwashe ƙanƙara da shebur a ƙofar shago, ya gaishe shi ya tambaya. Mutumin ya jingina da shebur yana dariya.

"Mai gari? Ga su can." Ya nuna wasu korayen akun dutse da suka taru suna yagar robar gilashin wata mota. "Su ke mulki, mu haya muke. Sunana Fergus. Zo mu shiga wajen Bronwyn, ita ba ta rasa amsa."

Shagon yana ƙamshin shayi da gasasshen burodi mai nama. Bronwyn mace ce mai furfura da kakkausar murya. Ta saurari bayanin Ilaitia tana goge kofi: a wajensu baƙo ba ya yawo a gari sai ya miƙa kava ga mai gari an karɓe shi, shi ya sa kawunsa ke zaune a tasha yana jira.

"Ayya, ɗan samari, ba mu da shi. Hukuma tana can ƙasa, ma'aikatan gandun daji kuma yau ga wannan gobe ga wancan."

Ilaitia ya ji kunyar komawa hannu rabbana ta fi kunyar tambayar da ke bakinsa.

"In hanya ta rufe, wa ake kira?"

"Ita," in ji Fergus.

"In wani ya ɓata a dutse, ina ake taruwa?"

"Nan. Makullin coci ma yana cikin gwangwanin sukarinta. Mu dai sunan ne ba mu ba ta ba, kada kanta ya ƙara girma."

"Rufe mana baki, tsohon banza." Ta ajiye kofin. "Kawo shi. Amma ka gaya masa gaskiya, ni mai shayi ce. Ƙasar ma tun asali ta ƙabilar Māori ce."

Ilaitia ya koma ya faɗi duka, bai rage komai ba. Kawu Sekove ya jinjina maganar, sannan ya miƙe.

"Wadda ake kira in hanya ta rufe, ai ita ce."

Ya bi titin kansa a sunkuye, bai dubi dama ko hagu ba. A ƙofar shago ya tuɓe takalmi, ya shiga ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa tsakanin teburan. Masu shan shayi suka juyo suna kallo. Bronwyn ta dubi kujera, ta dube shi, sannan ta durƙusa ta zauna a gabansa tana tsine wa gwiwoyinta a hankali.

Ya riƙe ƙunshin da hannu biyu ya yi magana da harshen gida. Ya ambaci ƙauyensu da zuriyarsu, ya gaida masu ƙasar na farko da waɗanda ke hura wuta a cikinta yau, ya nemi izinin taka ta. Ilaitia yana fassarawa.

"Yanzu me zan yi?" Bronwyn ta raɗa masa.

"Ɗora hannu a kai, ki faɗi abin da ke ranki, sai ki tafa."

Ta ɗora hannu.

"Na karɓa, Baba. Garin naku ne. In jirgi ya bar ku akwai gado a sama. Kada dai ku ba tsuntsayen nan abinci."

Ta tafa, kawu ya tafa, Fergus ma ya tafa daga bakin ƙofa.

Da suka fito, sai kawun ya ɗaga kai ya dubi duwatsun, ya daɗe yana dubansu. Kunnuwansa sun yi jawur don sanyi, hular ulunsa tana leƙowa daga aljihu.

"Me ya sa ba ya sa hula?" Bronwyn ta tambaya daga ƙofa.

"Ba a rufe kai a cikin gari. Girmamawa ce ga mai gari," in ji Ilaitia.

"To ni ce mai garin, ko? Baba, sa hularka."

Kawu Sekove ya rusuna, ya ja ta har kunne. Ya sauka daga kwalta zuwa kan dusar ƙanƙara inda ba wanda ya taka, ƙafarsa ta nutse har ƙwauri. Ya tsaya, ya sake ɗaga ɗayar ya dasa a hankali, yana kasa kunne.

"Ilaitia, ashe ƙara take yi. Zo ka ji."