Ranar da Aka Ƙirga Marasa Aiki a Gwallaga

Shekarar da za a fito da sabon kuɗi, Amos akawu ya shiga unguwar Gwallaga ƙirgar marasa aiki. Wai da lissafin nan manya a Ikko, babban birnin ƙasa, za su auna ƙarfin kuɗin.

Ɗanlarai, da ke zaman kashe wando tun dawowarsa daga haƙar kuza, ya saci kallon surukinsa a gefen dakali.

"Ina ɗan taɓa kasuwanci," ya ce wa Amos.

Haka kowa ya amsa.

Da aka tashi ɗaukar leburorin hanya, sai aka tsallake Gwallaga, tunda kowa na da sana'a. Rediyo kuwa kullum yabon ƙarfin sabon fam take.

Rannan Ɗanlarai, da har yanzu sabon fam bai shiga hannunsa ba, ya tare akawun. "Malam Amos, wai fam ɗin nan namu, wane launi ne?"