Hatimin Babu Aiki

"Baba, don Allah miƙo takardar kawai."

"Ban yi tambayar ba tukuna."

Mai Kwafi ta ɗago kai daga injin kwafi. Ɗalibai huɗu na tsaye suna jiranta, ga kuma Baba Sikeli a bakin kanta, riga a goge, ya rungume fom ɗinsa cikin leda kamar wani zai fizge.

"To, yi."

Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "Na zo neman aiki. Ko akwai gurbi a wannan ma'aikata?"

"Babu."

"Kin duba?"

"Baba, shagon nan taku uku ne. Ni ce manaja, ni ce masinja, ni ce mai shara. Ina zan duba? Ƙarƙashin tebur?"

Ɗaliban suka kwashe da dariya. Shi ko a jikinsa. Ya zaro fom ɗin ya shimfiɗa, ta buga masa hatimin shagon a layin da aka rubuta "Babu aiki". Ya ɗaga takardar sama yana dubawa.

"Ya karkace."

"Zai karantu."

"'Yata, abin da ya karkace ya karkace."

Haka suke yi kowace Litinin. Gida ɗaya suke haya, ƙofar ɗakinta na kallon tasa, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon buhuna a wani sito, har sunansa ya ɓace aka bar shi da na sikeli. Da aka kawo injin da ke awo da kansa, sai aka sallame shi. A shekarar ne kuma aka yi wa dokar aiki kwaskwarima, aka ƙara shekara biyar a kan lokacin fara fansho. Baba yana da sittin da uku. Ya tsufa a ɗauke shi aiki, bai isa fansho ba, sai aka sa shi cikin masu neman aiki. Ana ba shi ɗan alawus da koren kati. Da katin ake yi masa allurar zuciya kyauta kowace Talata, wadda ke sa kumburin ƙafafunsa ya saɓe. Sharaɗin ɗaya ne: duk Juma'a ya kai wa ofishin masu neman aiki hatimi goma daga wurare goma da ya nemi aiki aka ce babu.

Da farko abin bai yi wuya ba. Mai aski, mai gyaran waya, mai kanti, tela, duk suna layi ɗaya. Sai ofis ya ce ba a yarda da hatimin wuri ɗaya fiye da sau ɗaya a wata ba. Layinsu ya ƙare a sati guda. Baba ya fara tsallaka titi, ya fara wuce kasuwa, ya fara dawowa bayan la'asar yana bin bango.

"Ka ba ni fom ɗin," in ji Mai Kwafi wani yammaci a tsakar gida. Matarsa Inna ta kawo ruwan ɗumi a roba ya tsoma ƙafafu. "Ina da ƙawaye masu shaguna. Yini ɗaya zan cika maka na wata biyu."

"Karanta ƙasan takardar."

"Na sani, Baba."

"Karanta dai."

Ta ja numfashi. "Na tabbatar ni da kaina na je."

"To."

"Kowa fa haka yake yi! Direban gidan baya dankali ya sassaƙa ya yi hatimi uku."

"Shi ya sani. Ni ban taɓa ɗora yatsa a kan sikeli ba."

Inna ta zuba masa ƙarin ruwa. "Bar shi, 'yar nan. Shekara arba'in ina fama. Mutumin da ke mayar wa mai gishiri cokali ɗaya don ya yi yawa."

Ranar wata Laraba sai ga mai gyaran taya ya kawo shi a bayan babur, gwiwar wando a yage, leɓe ya fashe. A gaban wani gidan mai ya faɗi, nesa da gida. Hatimi bakwai ya samu. Yana kwance ana shafa masa ruwa yana tambayar ko ledar ta jiƙe.

Abin ya kai Mai Kwafi wuya. Ita ma da digirinta a akwati ta yi shekara huɗu tana yawon ofisoshi kafin ta haƙura ta sayi tsohon injin kwafi. Ta san yadda ake tsayawa a gaban tebur a ce wa mutum babu ba tare da an kalle shi ba. Da Baba ya lallaɓo shagonta Litinin ɗin da ta biyo baya, wata ya zagayo, ya gyara tsayuwa ya yi tambayarsa, sai ta ji bakinta ya ce:

"Akwai."

Ya kalle ta. "Me kika ce?"

"Akwai aiki. Ga kujera can. Ka zauna ka riƙa jera takardu kana danne su da fil. Ba yawo, ba rana. Albashin ba yawa, amma zai kai alawus ɗin nan naka."

"Aikin gaske ne, ko tausayi?"

"Wata makaranta ta ba ni littattafai ɗari uku. Hannu biyu gare ni."

Ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya miƙo fom ɗin, ta buga hatimin a ɗaya layin, inda aka rubuta "An ɗauka". Wannan karon bai ce ya karkace ba. Da kansa ya kai takardar ofis a ranar, don a san ya daina cin kuɗin masu neman aiki.

Washegari bakwai da rabi ta tarar da shi a ƙofar shago, ya share gaban wurin. Da rana ya tafi asibiti allurarsa. Ya dawo da wuri.

"Har an yi?"

"Katin ya mutu, wai." Ya zauna ya ja takardu gabansa. "Sun ce yanzu ni ma'aikaci ne."

Ta bar shi a shagon ta nufi ofis. Awa biyu a layi kafin ta isa gaban akawu, wani mai furfura a gefen kai da fanka ƙarama a kan teburinsa. Ya danna kwamfuta, ya gyaɗa kai.

"Barka, Malama. Kin samar wa mutum aiki. Irinku ake nema."

"Katinsa nake magana."

"Koren kati na marasa aiki ne. Ma'aikaci kuwa, wanda ya ɗauke shi ne zai yi masa rajistar inshora."

"To a yi masa yanzu."

"Za a yi. Tana fara aiki bayan wata uku."

"Wata uku? Mutumin da sati ɗaya ba allura takalmi ba ya shigarsa?"

"Ba ni na rubuta dokar ba."

"To wa ya rubuta? Ya taɓa ganin tsoho?"

Akawun ya juya fankar ta kalle ta, kamar ita ce ke bukatar iska. Ya rage murya. "Ki kore shi."

"In me?"

"In kika rubuta rage ma'aikata, sati biyu katinsa ya dawo. In kika rubuta laifi, wata uku. In shi ya ajiye da kansa, wata shida. Sai dai dole ya sa hannu ya karɓa. Na gaba!"

Allurar wannan satin da kuɗin tawadar injin ta saya, ta ce wa Baba asibiti ne suka yi kuskure suka gyara. Ta sati na biyu babu inda za ta fito. Sau uku tana buɗe baki za ta gaya masa maganar kora, sau uku tana ganin yadda yake buga bakin takardu a kan tebur, tsaye da kwance, har su daidaita kamar an yanka da wuƙa, sai ta fasa. Ya fara yi wa ɗalibai faɗa in sun naɗe takardunsu. Ya fara ce wa shagon "wurinmu". Inna ta ce mata a bakin famfo rabon da ta ji yana waƙa a wanka tun yana sito.

Amma ƙafafun suna hawa. Ya daina ɗaure igiyar takalmi. Daga ƙofa zuwa kujera sai ya tsaya ya huta.

Ranar Talata ta rubuta wasiƙar a kwamfuta ta tura wa injin. Ta manta cewa ɗauko takarda daga injin aikin Baba ne. Ya ɗauko, ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa.

"Kwanan watan ba daidai ba ne. Yau sha huɗu."

"Baba..."

"Rage ma'aikata." Ya ajiye takardar a hankali. "An taɓa rubuta mini wannan. Wancan karon inji suka kawo. Ke me kika kawo?"

"Dabara ce kawai, don katinka ya dawo. Kujerarka na nan, ka ci gaba da zuwa."

"In karɓi kuɗin marasa aiki ina aiki?"

"To ka zauna a gida!"

"Ga littattafai ɗari da ashirin ba a danne ba, ki rubuta aiki ya ragu? Ba gaskiya ba ne. In laifi na yi, rubuta laifin."

"Laifi wata uku ne! Wayyo Allah, Baba, kana ji kuwa? Ni na jawo maka wannan, ni zan gyara. Ka sa hannu!" Ta buga tebur har fil suka watse. "Mutuwa fa za ka yi a kan kujerar nan saboda kalma biyu!"

Wata mata da ta shigo da takardun haihuwa ta juya ta fice. Baba ya sunkuya da ƙyar yana tsince fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana mayarwa cikin gwangwani. Mai Kwafi ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, tana jin kamar ta girgiza shi, tana jin kamar ta fashe da kuka.

"Ban taɓa barin buhu a kan sikeli na tafi gida ba," ya ce bai ɗago ba. "Ki bari in gama littattafan nan. Juma'a sun ƙare. Ranar aiki ya ragu da gaske, sai in sa hannu."

"Kwana uku, Baba."

"Kwana uku ne kawai."

Ta so ta zauna ta danne sauran da kanta bayan ya tashi. Amma ya riga ya ƙirga su, ya rubuta adadin a bayan hannunsa.

Ranar Alhamis ƙarfe ɗaya daidai ya tafi gida cin abinci, kamar kullum. Saura littattafai talatin. Biyu ta yi, kujera babu kowa. Biyu da minti biyar Mai Kwafi ta kalli agogon bango, ta kashe injin a tsakiyar aiki, ta bar mai takardun a tsaye ta fita da gudu.

Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki, kwano a rufe a gefenta. Ba ta kuka. Baba na kan tabarma ya jingina da bango, kai ya ɗan langaɓe, tabarau a aljihu.

"Na ce ya kawo in cire masa takalmin, ƙafar ta matse," in ji Inna. "Ya ce in bari, ai yanzu zai koma. Na shiga ɗauko ruwa, kafin in fito ya cika."

Sai da aka yanka takalmin da almakashi kafin ya fita.

Mai Kwafi ta yi kwana huɗu ba ta buɗe shago ba. Da ta buɗe, makarantar ta aiko a karɓi littattafai, ta danne talatin ɗin da suka rage. Nata daban suke a cikin tulin, bakinsu bai daidaita ba. Tana cikin ɗaure su sai ga Inna da ledar nan mai haske.

"A ƙarƙashin matashinsa na gani. Ni ban iya karatu ba, ko ta ofis ce."

Takarda biyu ce a ciki. Ta farko wasiƙar korar, ya gyara kwanan watan da biro zuwa Juma'a, ya sa hannu a ƙasa, har da layi a ƙarƙashin sunan. Ta biyu sabon fom ne mai gurbi goma. A gurbin farko ya rubuta sunan shagonta da fensir, da kwanan Litinin.

"Ya ce a injinki ya yi kwafin wata takarda, kina waje," in ji Inna. "Wai in kin tambaya, kuɗin na cikin gwangwanin fil."

"Kai, Baba," in ji Mai Kwafi. "Kai, wannan tsoho."

Inna ta zauna a kan kujerar tana kallon titi. Mai Kwafi ta shimfiɗa fom ɗin a kanta, ta buga bakinsa ya daidaita da na teburin. Ta ɗauko rula ta aza a ƙarƙashin gurbin farko, a layin "Babu aiki". Ta danna hatimin a tawada, ta jingina shi da rular, ta sauke a hankali, ta riƙe.

Da ta ɗaga, ya zauna sak. Ta bar takardar a wurin, tawadar tana bushewa.